Jan Salatif a Kwalbar Mama Rediyo

Tsoron ya kama Auta ne a bakin tagar ɗakin gwaji, lokacin da Dogo ya karɓi kwalbar bai yi tsokana ba.

Dogo ma'aikacin ɗakin ne, kuma bai taɓa barin Mama ta wuce salin-alin ba. In bai ce ta kashe rediyon ba, zai ce ta canza tasha. Ran nan kuwa sai ya karanta sunan da ke jikin kwalbar, ya ɗago ya dubi Mama, ya jawo aljihun tebur ya ɗauko jan salatif ya naɗa a murfin. Auta ta kafe salatif ɗin da ido. Ta san jan salatif tun tana firamare, a gida ta koye shi. Mama takan dawo daga aiki ta ce, "Yau kwalba uku aka yi wa ja, ku sa masu su a addu'a." Ja na nufin likita ya ga abin da bai kwanta masa ba, za a aika ɗan naman da aka yanko zuwa babban ɗakin gwaji.

"Dogo, yau ko gaisuwa babu?" in ji Mama.

"Mama Rediyo, sati biyu ne. Ni da kaina zan kira."

"To gyara fuskar nan, kada ka firgita mini 'yar digiri."

Shekara ashirin da shida Mama ta yi tana goge ƙasa a wannan asibitin. Bokiti biyu take ja, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraya, kuma daga ƙuryar ɗaki take farawa tana ja da baya har ƙofa, don kada ta taka inda ta goge. Tafin hannunta ya tsattsage saboda ruwan magani, gwiwoyinta sun yi kanta. Waƙoƙin coci da take yi ƙasa-ƙasa su suka jawo mata sunan Rediyo. Mijinta bakanike ne, ya rasu Auta na da shekara shida. Yayyen Auta biyu maza sun yi nisa wajen neman abinci, sai a waya ake jin su. Auta ce kaɗai ta kai jami'a, kuma sati uku ke nan da ta sa doguwar riga da hula mai kusurwa huɗu aka ɗauke su hoto.

Suka koma gida. Da suka shiga ɗaki sai Auta ta tura ƙofa.

"Mama, tun yaushe kika ji ƙullutun nan a hammatarki?"

"An ɗan jima."

"Tun yaushe?"

Mama ta zauna a bakin gado tana kwance igiyar takalmi. "Wata bakwai."

Wata bakwai! Matar da ta goge ƙarƙashin gadajen masu ciwon daji fiye da yadda za a ƙirga, wadda takan tare 'yan'uwan marasa lafiya a baranda ta yi musu faɗan zuwa asibiti a makare. Kullum tana wuce ƙofar likitoci sau goma da bokitinta, ba ta taɓa ƙwanƙwasawa ba.

"Kina shirin jarrabawar ƙarshe," in ji Mama. "Na san halinki. Da na faɗa miki da kin tattaro littattafai kin dawo gida. Na ce bari dai a sa hular tukuna."

Hoton bikin na jingine a kan talabijin. Auta ta ɗauko shi. Ga ta nan baki har kunne, ga Mama ta rungume ta da hannun dama. Hannun hagun kuwa a manne yake da haƙarƙari, kamar mai riƙe da wani abu kada ya faɗi. Sati uku tana nuna wa mutane hoton nan ba ta lura ba. Ta kifa shi.

Kwana biyu bayan haka matar Fasto ta zo da wasu mata uku. Suka cika ɗakin da addu'a har maƙwabta na leƙe. Da za su tafi matar Fasto ta dafa Mama ta ce, "'Yar'uwa, wannan ciwon ba naki ba ne. Takardar nan fes za ta fito, ki sa a ranki."

"Allah ya sa," in ji Mama. "In ma ba ta fito fes ba, ai ba ni kaɗai zai tarar a gidan ba."

Matar Fasto ta ɗan ɓata rai, kamar an rage mata ƙarfin addu'a. Ita kuwa Auta dukansu haushi suke ba ta, mai alkawarin da mai haƙurin.

Ranar Asabar da hantsi Mama na guge rigar aikinta tana waƙa, Auta ta kasa daurewa.

"Don Allah Mama ki daina waƙar nan! Me ake yi wa murna a gidan nan?"

Mama ta jingine dutsen guga. "Ina rigar bikinki?"

"Kin san na mayar wa makaranta."

"Kwana nawa ta yi a hannunki?"

"Uku."

"Ranar nan na ji daɗi, Auta. Da aka kira sunanki har mantawa na yi da hammatar. Ban raina daɗin nan ba, ni na yi wahalarsa. Amma kafin mu sauka daga mota ciwon ya dawo wurinsa." Ta juya rigar. "Kin san a wane ɗaki babanki ya cika? Ɗaki na huɗu, gadon jikin taga. Bayan sati biyu na koma aiki, aka ba ni ɗakin. Na durƙusa na goge ƙarƙashin gadon nan, wani mutum na kwance a kai yana neman a miƙo masa ruwa. Babu ɗigon daɗi a raina. Amma na san Yesu na tare da ni a ƙasan nan, kamar yadda na san kina tsaye yanzu. Tun ranar nake waƙa. Wannan babu wanda ya ara mini, balle ya aiko a karɓa."

"Yesun ne ya ce ki ɓoye wata bakwai?"

Mama ta dube ta. "A'a. Wannan wautata ce, kada ki ɗora masa."

"Saboda hula, Mama. Hular aro. In takardar nan ta fito da abin da nake tsoro, ni zan zauna da sanin cewa saboda ni aka makara. Kin yi tunanin wannan?"

"Ban yi ba," in ji Mama. "Ki yafe mini."

Ƙauri ya tashi. Dutsen ya zame ya kwanta a kan wuyan rigar, ya bar tambari ruwan ƙasa. Tunda Auta take ba ta taɓa ganin Mama ta ƙona tufa ba. Mama ta ɗaga dutsen da sauri.

"Tsoro kike ji?" in ji Auta.

"Sosai ma. Wa ya ce miki mai waƙa ba ya tsoro?"

Ta ninke wuyan rigar ciki yadda ƙunar ba za ta fito ba, ta ci gaba da guga. Can sai waƙar ta dawo, muryar na karkarwa. Auta ba ta bi ba, ba ta kuma hana ba. Ta fita ta zauna a kan matakala har rana ta juya.

Ranar Litinin wani kamfani ya aiko wa Auta saƙon ta zo ganawar neman aiki. Wata guda da ya wuce da ta yi tsalle har ta taɓa silin. Ta karanta, ta ajiye wayar, ta sake ɗauka ta duba ko akwai kiran da ya wuce ta. Addu'a takan fara, sai ta tsaya a tsakiya, don ba ta san ko roƙo za ta yi ko ƙara za ta kai ba.

Mama na nan tana zuwa aiki da rigarta mai ninkakken wuya. Ta ce in Dogo ya hango ta a baranda sai ya shige wani ɗaki, ita kuma ta ƙara murya don ta tsokane shi. Hoton yana kife a kan talabijin. Kullum da safe Mama takan tayar da shi, Auta ta sake kifawa.

Yau kwana tara. Lambar Auta suka bari a ɗakin gwaji, kuma Dogo bai kira ba tukuna.