Ranar da Na Gaida Surukina Daga Kujerar Direba

Shekaru masu yawa baya, tun Turawa ba su tafi ba, muna zaune a Kawo, dab da hanyar Zariya. Maigidana direban wani Bature ne. Da Baturen zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa tsohuwar motarsa baƙa. Aka ɗage zana aka shigo da ita gindin mangwaron tsakar gida.

Ni kuwa shekara biyu rabona da mahaifiyata a Zariya. Sai ga saƙo wai tana kwance, tana ta kiran sunana. Maigida ya ce gobe da safe sai Zariya, amma fa birkin motar ya yi laushi, in ka taka kamar ka taka tuwo. Iska ce ta shiga, sai an fitar da ita. Aikin kuma na mutum biyu ne: ɗaya yana taka birki, ɗaya yana ƙarƙashi yana kwance noti. Abokinsa da ya yi alkawarin zuwa bai zo ba. Man birkin kuwa ɗan gwangwani ɗaya ya rage, wani sai an jira jirgin ƙasa daga Ikko.

Ya dube ni ya ce, "Ke, kin iya daka?"

Na ce, "A'a, aljanu ke maka tuwo."

"To hau. In na ce taka, ki taka sau uku. In na ce riƙe, ko gobara ta tashi kada ki ɗaga ƙafa. Kika ɗaga, iska ta koma, mai ya ƙare, Zariya sai wani watan."

Na hau. Kujerar nan da taushi, tana ƙamshin fata da tabar Bature. Ni gajeruwa, sai da na zamo har bakinta kafin ƙafata ta kai. Daga ƙasa muryarsa na tasowa, "Taka. Riƙe. Saki." Inuwar ganyen mangwaro na yawo a kan gilashi kamar ruwa. Wallahi motar ba ta motsa ba, amma ni na wuce Jaji, na ga ganuwar Zariya, na shiga ɗakinmu, har ƙamshin daddawar Inna na ji.

Mun gama ƙafafun motar uku, muna ta huɗu, ya ce "Riƙe," sai na ji sallama. Mahaifinsa ne, ya tako daga Rafin Guza da sandarsa. Tsohon malami, wanda ko tarinsa na ji sai na zube ƙasa na rufe fuska. Yau ga shi tsaye, ga ni a sama a kujerar direba, zani ya ja har ƙwauri.

Gwiwata ta fara lanƙwashewa da kanta. Na cije. Na tusa kaina ƙarƙashin sitiyari, ƙafa na kan birki, na ce, "Baba, sannu da zuwa."

"Wa nake ji? 'Yata, ke ce? Yau daga sama ake gaishe mu?"

Daga ƙasa ɗansa ya yi ihu, "Baba, don Allah kada ta tashi!"

Tsoho ya dube ni, ya dubi motar. Can ya jingine sanda, ya tattare riga, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota. Ɗansa ya nuna masa kwalbar da mai ke zuba ciki ta ɗan tiyo, ya gaya masa zancen Inna.

Sai tsoho ya ce, "Kai, ga kumfa tana fita! Ga wata. Zauna abinki, 'yata, kada ki motsa."

Da bakinsa ya ce kumfa ta ƙare. Aka ɗaure noti, na taka, birki ya tsaya ƙyam kamar dutse. Sannan na sauko na durƙusa wa tsoho. Ya ce, "Wannan gaisuwar ta makara, ki kai wa mahaifiyarki."

Na kai mata. Kwana tara ta yi a hannuna, ni nake ba ta koko, kafin Allah ya karɓi abarsa.

Har yau ban iya tuƙi ba, baƙi ko ɗaya ban sani ba, jikata ce ke rubuta wannan tana dariya. Ta yi ta yi. Na durƙusa wa manya sau ba adadi a rayuwata, ban taɓa nadama ba. Amma da na durƙusa ran nan, da sai dai a nuna mini kabarin Inna.