Kaset Ɗin Inna a Lambun Hamburg

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa ko gishiri ba. A shekarun da ake aika saƙo a kaset ne, lokacin ina da ɗan shagon gyaran rediyo da rikoda a kasuwar Suk al-Shabi, gidanmu kuma yana Omdurman a ƙasar Sudan, ni da iyalina da mahaifiyarmu, Inna. Ni mutum ne mai son gida, ko garin Madani aka ce in je sai na kwana uku ina neman uzuri. Karatun boko aji uku na yi na gudu, amma kunne kam Allah ya ba ni, in ka shigo da rediyo tun daga bakin ƙofa zan gaya maka abin da ke damunsa.

Ina da ƙane, Haruna, mai walda ne a unguwar Alshajara. Wata rana, Baba yana kwance ba lafiya, yaron nan ya ɗauki jakarsa ya nufi Bur Sudan ya hau jirgin ruwa, ko sallama bai yi wa kowa ba. Kwana tara tsakani Baba ya cika, yana ta tambaya ina Haruna. Tun daga ranar Inna ta ce kada wanda ya ƙara kiran sunansa a gabanta. Ya zauna a Jamus, a garin Hamburg, ya yi aure, yana aiko da kaset-kaset, Inna ba ta taɓa yarda ta saurari ko ɗaya ba, ni nake jinsu a shago in share hawaye in ci gaba da aiki. Haka har shekara goma sha tara.

Sai ga wasiƙa daga matarsa, Bajamushiya ce, da tikitin jirgi a ciki. Wai Haruna ciwon huhu ya ci shi, likitoci sun ce abin ba zai ja ba, kuma abu biyu yake roƙo: ya ga wani na gida, ya ji Inna ta ce ta yafe masa.

Na sayi sabon kaset, na sami Inna a ƙarƙashin rumfa tana zaune a kan angarib, gadon igiyar nan namu. Tsakiyar zafi ne, ko hadari ba a fara gani ba. Na ajiye rikoda a gabanta na danna.

"Inna, ga shi yana juyawa, yi magana."

"In ce me? Ni ba na hira da ƙarfe."

"Haruna ne zai ji. Ba shi da lafiya, Inna."

Sai ta fara, muryarta a bushe kamar mai ba da saƙon kasuwa. Ta gaishe shi, ta lissafa masa waɗanda suka rasu a unguwa da waɗanda suka yi aure, ta ce ya riƙe salla, ta ce Allah ya ba shi lafiya. Da na ga za ta rufe baki sai na matso na raɗa mata: "Inna, ki ce kin yafe masa." Ta dube ni ta ce, "Kashe abinka." Na kashe. Duk wannan ya shiga kaset, har raɗata, har ƙarar maɓallin. Na ɓalle ɗan kunnen kaset ɗin yadda ba za a iya ɗaukar wata magana a kai ba, abin da na saba yi ne, hannuna ma ya riga tunanina.

Kafin takardu su kammala aka ci kusan wata biyu. Na sauka Hamburg a lokacin zafinsu, in dai wannan za a kira zafi, don ni da rigar sanyi nake yawo suna dariya. Kai, jama'a, gari kore shar, ruwa ta ko'ina, rana kuma ta ƙi faɗuwa, ka yi la'asar ka zauna ka gaji da jiran magariba. Haruna na same shi ya zama ƙashi da fata, a keken marasa lafiya, amma bakin nan nasa yana nan. Yana ganina ya ce, "Ya zol, mutumina, wa ya ciro ka daga shago? Lallai mutuwata ta zo da gaske." Na ce masa ya rufe min baki, muka rungume juna muna kuka, matarsa na tsaye tana nata.

Kullum da rana sai mu tura shi wani babban lambu kusa da gidansu, don ya ce a ɗaki numfashi ba ya isarsa. Lambun nan in ka shiga ba ka ganin ƙarshensa, ga manyan itatuwa, ga tafki a tsakiya da agwagi da ƙananan jirage. Abin da ya fi ba ni mamaki mutanen: ranar da mu muke gudu a Khartoum, su ita suke nema, su shimfiɗa tawul a ciyawa su kwanta rabi tsirara, tsoho da tsohuwa, ni kuwa ina ta kau da kai ina istigfari, Haruna na dariya har tari ya sarƙe shi. Wasu na gasa nama, wasu na karatu, tsofaffin mata na jefa wa agwagi burodi. Ga shiru. Mutum ɗari a wuri ɗaya amma kana jin kukan tsuntsu, da Suk al-Shabi ne da kanka ya tsage. Nan muke zama yana tambayata gida, ko itacen darbejiyar ƙofarmu na nan, ko har yanzu Inna na zuba citta da yawa a shayi.

Kaset kuwa na ɓoye shi a ƙasan jaka. Kullum sai ya tambaya, kullum da ƙaryar da nake yi: yau na manta, gobe batir ya yi sanyi. Tsoro nake ji mutumin da ke bakin kabari ya ji uwarsa ta ce "kashe abinka". Na yi tunanin in yanke wurin da reza in liƙe, aikin minti biyar ne a wurina, amma wallahi duk sanda na ɗauko sai hannuna ya ƙi, ina ganin kamar harshen Inna zan yanka.

Ran nan ya ce min, "Yaya, ƙasar nan fa ana sayar da batir. Ba ta yafe ba, ko? Kawo in ji muryarta kawai, ko zagi ne ina so."

Ranar Alhamis ce bayan la'asar. Muka zauna ƙarƙashin wani ƙaton itace a bakin tafkin, matarsa a gefensa, rikoda a kan cinyata. Na ƙudura a raina ana zuwa "Allah ya ba ka lafiya" zan danne maɓalli in ce nan ta tsaya. Muryar Inna ta fito a cikin lambun Turawa, Haruna ya rufe ido, leɓensa na motsi yana bin sunayen mamatan unguwa. Ni kuma na shagala da kallon fuskarsa, ban farga ba sai jin raɗata na yi, sai "kashe abinka", sai ƙarar maɓalli, ƙas.

Haruna ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji. Ban ko tuna in kashe ba, kaset ya ci gaba da juyawa yana shuuu irin na wurin da ba a ɗauki komai ba.

Sai na ji ruwan sama.

Na ɗaga kai, sama tas, rana na haska tafki. A cikin rikoda ne. Ruwa ne yake dukan kwano, kuma ba kowane kwano ba, na ɗakin Inna, don ina jin ɗigon nan da ke faɗawa a tasa ta kusurwar gabas, tal, tal, shekara nawa ina cewa zan toshe wurin. Sai ɗan tarin da take yi kafin ta yi magana, sai muryarta, amma a sanyaye, irin wadda take mana muna yara in zazzaɓi ya kama mu:

"Haruna. Haruna, ɗago kanka, bar sunkuyon nan. Na yafe maka duniya da lahira. Babanka ma ba da fushi ya tafi ba, kewarka ce ta dame shi. Ka ji ko?"

Ya ɗago kai ya ce, "Na ji, Inna." Ruwan ya ɗan ci gaba, sannan ya ɗauke, shuuu ta dawo.

Matarsa ba ta jin Hausa, ɗan Larabci take taɓawa, ta tambaye ni wai dama ana ruwa a ƙasarmu, ita ta ɗauka hamada ce. Kun ga ke nan ba ni kaɗai na ji ba. Haruna kuwa dukan kafaɗata yake da ɗan ƙarfin da ya rage masa yana cewa, "Mugu, Yaya, ashe da wannan a ciki kake ja min rai!" Na yi murmushin dole. Ban gaya masa ba. Ta ina zan fara?

Da muka koma gida na shige ɗaki na mayar da kaset baya, na saurara sau uku. Bayan ƙas ɗin nan ba komai, har ƙarshe. Na juya ɗaya gefen, ba komai. Na kwance shi na duba zaren a haske, sabo fil, kunnen nan a ɓalle yadda na bar shi. Ni da na ci abinci da wannan sana'a shekara da shekaru, ban san hanyar da magana za ta shiga kaset irin wannan ba, balle ta fita.

Haruna bai sake neman a kunna masa ba, ya ce sau ɗaya ya ishe shi. Kwana goma sha ɗaya ya ƙara, kullum a lambun nan, yana cin abinci, yana tsokanata, ya koya min jefa wa agwagi burodi. Ya rasu da safe cikin sauƙi, muka binne shi a ɓangaren Musulmi na maƙabartar garin.

Na dawo Omdurman na tarar damina ta sauka. Bayan an tashi daga zaman makoki na tambayi matata ranar da aka yi ruwan farko, ta ce wata Alhamis ce da la'asar, ita ce ma ta shiga ɗakin Inna ta tara tasa, ta zauna tare da ita har ya ɗauke. Na ce Inna ta yi magana? Ta ce ko uffan, tana kwance ta juya wa ƙofa baya.

Na je na sami Inna na zayyana mata komai, ban rage ba.

"Ni ban faɗa ba," ta ce. Ta kama maƙogwaronta. "Maganar ta zo min har nan ranar, na haɗiye ta."

"To wa ya faɗa, Inna?"

"Ni za ka tambaya? Kai da kake wurin?" Ta goge ido da bakin mayafi. "Muryar tawa ce sosai?"

"Har tarin."

"Ya ji daɗi?"

"Ya ji, Inna. Da dariya ya ƙarasa kwanansa."

Ta gyaɗa kai ta ce, "To ko waye, maganarsa tawa ce, ban janye ko kalma ɗaya ba. Na yafe wa Haruna." Wannan ne karon farko da sunan ya fito daga bakinta a shekara goma sha tara. Sai ta fashe da kuka, tana cewa ita aka ba bakin, ita aka roƙa, amma sai da wani ya riga ta.

Inna ta rasu da daɗewa, Allah ya jiƙanta. Har yau ban san abin da ya yi magana a lambun nan ba, kuma duk sanda na tuna cewa ya ga Haruna a sunkuye, sai jikina ya yi sanyi. Abin da zan ce muku kawai, in akwai wanda ke jiran yafiyarku, ku faɗa masa da bakinku tun yana ji. Ba kowa ake ara wa murya ba.