Hannun da Ke Ƙirga Mata

Gwaggo Mai Inji ba ta iya magana a hankali ba. Ta daɗe tsaye a kan injin niƙa, muryarta ta saba tsallake ƙararsa kafin ta isa kunnen mutum, har in ta ce maka sannu sai ka ɗauka faɗa take yi. Shagonta ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, bangon ya yi fari da gari, bel ɗin injin duk ɗinkin waya. Kowace safiya mata na layi a ƙofarta da robobinsu. A layin nan ake jin labarin wadda ta haihu a bakin hanya, don kwalbatin unguwa ta karye, mota ba ta shigowa.

Muryar ce ta kai ta jam'iyya. Ciyaman na mazaɓa ya ji tana yi wa mai kawo mata man inji tsawa, ya ce, "Wannan ai ta hutar da mu hayar lasifika." Aka naɗa ta shugabar mata. Ita kaɗai ce mace a kwamiti, kujerarta kusa da ƙofa, don in ruwan sha ya ƙare ta tashi.

Babban aikinta ranar fidda gwani ne. A jam'iyyar ba a jefa ƙuri'a. Ɗan takara zai tsaya a fili, masu sonsa su jeru a bayansa, layin maza daban, na mata daban. Sakatare ya bi maza yana dafa kafaɗa yana ƙirgawa da ƙarfi. Mata kuwa namiji ba ya taɓa su, sai Gwaggo. Da hannunta ta ƙirga wa kansiloli da yawa kujera, kowanne ya rantse mata zai gyara kwalbati. Da ya hau sai ya daina biyowa ta unguwar, wai hanya ba kyau.

Da ta gaji ta ce ita ma za ta tsaya takara.

"Gwaggo, kansila fa?" in ji Ciyaman, yana dariya. "Wa zai yi mana niƙa?"

"Matarka ta zo, na koya mata."

Abokin takararta Mai Bulo ne, wanda tun yana yawo ba wando take korarsa daga bakin inji. Ranar zaɓe aka taru a filin makaranta. A bayan Mai Bulo maza sun cika, mata 'yan kaɗan. A bayan Gwaggo maza ba su wuce mijinta, tsohon direba, da wasu abokansa ba. Amma layin matanta ya wuce ajujuwa, ya lanƙwasa ta bayan famfo, ya fita ƙofar makaranta. Masu goyo, masu ciki, tsofaffi da sanda.

Sakatare ya gama da maza, ya tsaya yana goge gumi. Ya raɗa wa Ciyaman wani abu. Ciyaman ya tako a hankali.

"Gwaggo, an samu 'yar matsala. Wa zai ƙirga mata?"

"Ni mana, kamar kullum."

"Ɗan takara ba ya ƙirga wa kansa. Ke ma kin sani."

"To, a ɗauko wata. Ga malamar makaranta can a layi."

"Ba 'yar kwamiti ba ce. Ƙa'ida ta ce sai ɗan kwamiti."

"Mata nawa ne a kwamitin, Ciyaman?"

"Ke ce. Shi ya sa muke ji da ke."

Wata tsohuwa daga gaban layi ta buga sandarta a ƙasa. "Kai Sakatare, zo ka dafa ni. Na haifi ubanka, me ya rage a kafaɗar nan?"

Aka yi dariya, ban da Sakatare. "Iya, ke na ji. Matan mutane fa? Gobe a ce na taɓa matar wani."

"To ƙirga da ido, ko da kara," in ji mijin Gwaggo.

"Baba Direba, ƙuri'ar da ba a dafa ba, ba ƙuri'a ba ce. Mutuncinsu muke karewa." Ciyaman ya juya ga Gwaggo, ya sassauta murya. "Zaɓi naki ne. Ki janye, ki ƙirga su, kowace ta bi wanda ya rage. Ko ki tsaya, mu yi da na maza."

Gwaggo ta waiwaya ta dubi layin. Rana ta take, yara na kuka a bayan iyayensu, ba wadda ta motsa. Karo na farko da aka ji ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ina tsaye."

Aka yi da na maza. Aka ɗaga hannun Mai Bulo. Kafin mata su watse, Ciyaman ya miƙo mata lasifika. "Taimaka ki gaya musu kada su yi fushi. Ranar babban zaɓe muna buƙatarsu ƙwarai." Ta dubi lasifikar har hannunsa ya gaji, ta wuce.

Ba ta ƙara taka ofishin jam'iyya ba. 'Yan kwamiti suka naɗa ƙanwar Ciyaman a madadinta, suka kuma ce layi na jawo rigima, yanzu a ɗaki dattawa ke sasantawa. Kwalbati na nan yadda take. Mai Bulo in ya aiko niƙa, ta baya mai aikinsa ke zagayowa.

Gwaggo ta tsufa, inji ya cinye mata kunne ɗaya. Amma har yau, kafin ta tayar da shi da safe, sai ta bi layin ƙofarta tana dafa kafaɗar kowace mace, leɓenta na motsi.

"Gwaggo, ai kin san mu, ƙirgar ta mece ce?" wata amarya ta taɓa tambaya.

"Miƙo robarki," in ji ta. "Hannun ne bai san an sallame shi ba."