Karnuka Biyu a Kango Ɗaya

Ƙanena ne ya kawo su daga Sakkwato a cikin kwali, shekarar da aka matsa wa unguwarmu a Boɗinga da satar raguna. 'Yan kwikwiyo ne maza, uwarsu ɗaya, ɗaya ja, ɗaya baƙi mai farin ƙirji. Ya ce irinsu fitbul ake kira, kuma ɓarawo ba ya tsallaka katangar da suke ciki. Ni ban taɓa kiwon kare ba. Abin da na sani shi ne noman albasa da turkar raguna.

Inna, mahaifiyarmu, ta leƙa kwalin sau ɗaya ta ja da baya.

"Kada in gan su cikin gidan ga," in ji ta. "Ku kai su kango, kuma a ware musu kwanonsu."

Kangon yana bayan gida, katanga ɗaya ta raba mu da shi. A nan ragunana suke, da rumbunan albasa. Nan muka ajiye su. Ba mu raɗa musu suna ba, Jan da Baƙin kawai muke cewa. Suna cin sauran tuwo da kayan cikin da nake karɓowa wurin mahauta, a kwano ɗaya, su kwanta a inuwar rumbu ɗaya ya ɗora kai a bayan ɗaya. Ragunan ma sun saba da su. Tun da suka fara haushi ba a sake taɓa mana komai ba.

Bayan sun shekara da wani abu, ƙirjinsu ya buɗe, kawunansu suka yi faɗi, sai na fara lura da wasu abubuwa da ban san ma'anarsu ba. Jan yakan zo ya ɗora haɓarsa a kafaɗar Baƙin ya tsaya cak. Baƙin kuma ya sandare, wutsiya a miƙe, yana kallon gefe. Sai su rabu kamar ba a yi komai ba. Na ɗauka wasa ne.

Faɗan farko bayan Babbar Sallah aka yi shi. Matata ta jefa musu ƙashin ƙafar rago ta kan katanga da hantsi, ƙashi ɗaya. Ina kangon ina gyara rufin rumbu. Ban ji haushi ba, ban ji gurnani ba, ƙarar faɗuwar kwano kawai na ji. Da na juya, Jan ya riƙe kunnen Baƙin har da fatar wuya, Baƙin ya riƙe masa ƙafa. Na kwara musu ruwan bokiti, ko gezau. Na ɗauki sanda na buga, kamar ina dukan buhu. Sai da Jan ya saki don ya gyara kamu, na samu na zura fallen kwanon rufi tsakaninsu, na tura Baƙin cikin rumfar raguna na ja ƙyaure.

Likitan dabbobin da ke duba mini raguna shi ya ɗinke kunnen. Yana ɗinki yana tambayata shekarunsu da yadda nake ba su abinci.

"Malam, wanga ba faɗan ƙashi ba ne kaɗai," in ji shi. "Sun girma ne, kowa na son wurin ya zama nashi. Karnukanmu na gida in sun kama, ɗaya kan yi kuka ya gudu, magana ta ƙare. Waɗanga ba su cika gudu ba."

Ya ce a raba musu makwanci, a raba musu kwano, kada a sake jefa ƙashi a tsakaninsu. Ya ce duka ba ya raba su, ƙara musu zafi yake yi. In sun kama, mutum biyu su ɗaga ƙafafunsu na baya, a zura katako mai faɗin baki ta gefen muƙamuƙi a murɗa, kuma kada hannu ya je kusa da baki. Ya ba da shawara a fiɗiye su, amma ya gaya mini gaskiya cewa wannan kan rage ne, ba lallai ya kashe abin ba.

Na kira ƙanena a waya na gaya masa.

"Yaya, ka bar su su daidaita kansu mana," ya ce. "Ɗaya zai bi ɗaya."

Na ce masa ya zo ya ga kunnen. Da ya zo ranar Asabar ya gani, bai sake faɗin haka ba.

Aka fiɗiye su. Na sa birkila ya gina ɗakuna biyu ƙanana, ɗaya a kusurwar gabas, ɗaya a ta yamma, yadda ba sa ganin juna. Na Baƙin aka yi masa ƙyauren ƙarfe. Na Jan muka sa tsohon ƙyauren katako da muka cire daga zaure. Daga nan kangon ya koma na karɓa-karɓa. In Jan na waje, Baƙin na kulle. In an mayar da Jan an sa sakata, sannan a buɗe wa Baƙin. Kowa a ɗakinsa yake ci, kuma sai an ɗauke kwanon kafin a buɗe ƙofa. Duk wanda zai shiga kango a gidanmu sai ya tsaya bakin ƙofa ya tambaya, "Wa ke waje?" Har Inna, da ba ta taɓa taka wurin ba, takan tambaye ni bayan sallar asuba ko na canza su.

In ƙanena ya zo ƙarshen mako, mukan sa musu takunkumi mu fita da su ta hanyar Dingyaɗi, shi da ɗaya a wancan gefen titi, ni da ɗaya a wannan. Likitan ne ya ce a riƙa yin haka don su saba ganin juna ba tare da sun kama ba. Masu amalanke kan tsaya suna kallonmu. Wani dattijo a kan jaki ya taɓa tambayata ko kuraye ne. A hanya lafiya lau suke tafiya, wani lokaci har mu matso da su kusa. Amma da mun doso ƙofar kango sai jikinsu ya sake sandarewa.

Haka muka ci rani har damina ta sauka, ba faɗa. Na fara tunanin abin ya wuce.

Ran nan bayan la'asar, an ɗauke ruwa ke nan, Baƙin na waje, matata ta shiga ba raguna dusa. Wani karen unguwa ya bi ta bayan katanga yana haushi. Baƙin ya ruga yana mayar masa, ya bi ta gaban ɗakin Jan. Jan ya daki ƙyauren daga ciki. Ashe gara ta cinye katakon ta ƙasa, ruwa kuma ya jiƙa shi. Ƙyauren ya ɓalle.

Matata ta shige rumfar raguna ta ja ƙofa tana kirana. Na fito da gudu, maƙwabcina ya biyo ni. Muka yi yadda aka koya mana: ya ɗaga ƙafafun Baƙin, na ɗaga na Jan, na zura katakon da likita ya faɗa ta gefen muƙamuƙin Jan na murɗa har bakinsa ya buɗe. Ina jan shi baya ya juyo ya cafke mini hannu ƙasa da gwiwar hannu. Da ya gane ni ne sai ya saki nan take, ya kwantar da kunne. Amma haƙoran sun riga sun shiga. Aka kai ni asibiti aka wanke ciwon, aka yi mini allurai. Baƙin kuwa ƙafarsa ta gaba ta yi mummunan rauni, likita ya yi ta zuwa yana wanke ta.

"Maigida, ni dai ba ni ƙara shiga kangon ga sai an fitar da ɗaya," in ji matata. Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma ban yi mata gardama ba.

Shawarwari suka yi yawa. Wani ya ce a ba Jan guba a huta. Wani mutum daga Sakkwato ya aiko yana son sa, amma da na ji cewa haɗa karnuka faɗa yake yi, na ce a'a. A ƙarshe na tuna da kawuna, ƙanen Inna, wanda ke kiwon shanu a wani ƙauye kusa da Shagari. Tsohon karensa ya mutu, bai yi wani ba. Na je na same shi, na gaya masa komai, na nuna masa hannuna.

"Shina taɓa maruƙa?" ya tambaya.

Na ce cikin raguna ya tashi, bai taɓa cizon ko ɗaya ba.

"To mutane fa?"

Na ce ni kaɗai ya taɓa kamawa, shi ma cikin faɗa. Abin da ba ya so shi ne wani kare namiji kusa da shi.

Kawu ya dubi garken. "Kawo shi mu gani. In bai yi ba, ka zaka ka ɗauki abinka."

Muka kai shi a bayan a-kori-kura da takunkumi a baki. Aka yi masa shinge mai ƙarfi kusa da turken maruƙa, nesa da bukkoki, na roƙi kawu kada a sake shi yawo kuma kada a kawo wani kare. Da farko ba ya yarda da kowa sai kawu. Daga baya ya saba da mutanen gidan.

A Boɗinga, Baƙin ya daina cin abinci na ɗan lokaci. Yakan je bakin ɗakin Jan ya shinshina ya kwanta. Ban san ko kewa ce ba ko kuwa yana jiran ya fito ne. Sannu a hankali ya koma ci. Ƙafar ta warke amma har yau yana ɗingishi. Yanzu shi kaɗai ne a kangon, ƙofar ɗakinsa a buɗe, matata ta koma ba raguna dusa.

Nakan je Shagari in duba Jan. Ya ɗan rame, ya yi duhu saboda rana, in ya hango ni sai ya yi ta kaɗa jiki. Wata rana na dawo daga can na wuce kango kai tsaye. Baƙin ya taho da ɗingishinsa ya shinshina bakin rigata, sai na ga gashin bayansa ya tashi, yana leƙen bayana. Tun daga ranar, in na dawo daga wurin kawu sai na canza riga na wanke hannu kafin in shiga wurinsa.