Munduwar matar tela

A shekarun da Turawa ke shirin tafiya, ina ƙirar azurfa a Fagge. Wata mata daga Sabon Gari, matar wani tela Inyamuri, ta zo tana son munduwa. Na rasa mai tsirfa irin tata. Duk samfurin da na nuna mata sai ta taɓe baki. Da na gaji na miƙa mata kakin zuma na ce to ta yi samfurin da kanta. Ta kuwa zauna ta murza, ta yi masa zane da farcenta, ta ce za ta dawo da azurfa.

Mijin ne ya dawo, bayan wata guda, da tsofaffin awarwaronta a hankici. Ta rasu wajen haihuwa. Munduwar yake so a zuba, ya ajiye wa jaririyar.

A sana'armu yumɓu ake lulluɓa wa kakin, a gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba azurfa a gurbinsa. In zubin ya ɓaci, azurfa dai a sake narka ta, amma zanen ya tafi ke nan.

Na ce, "Maigida, bari in kwafi zanen tukuna, saboda tsaro."

Ya ce, "A'a, Malam. Turawa suna da magana. In mutum ba shi da na biyu, sai su ce da aka zuba shi an fasa mazubin. Haka fada, limaminmu, ya faɗa a kanta a coci. Ban yarda a yi biyu ba."

Haushi ya kama ni. Karin maganar Bature, amma hannuna ne a wuta! Na so in ce ya kai wa Baturen ya zuba masa, na dai haɗiye.

Ranar zubi telan ya tsaya a kaina, ko zama ya ƙi. Da kakin ya fara tsiyaya cikin gawayi sai ya kau da kai. Na yi bisimilla na zuba.

Da zubin ya huce na ɗauki guduma, telan ya ce in ba shi. Ya buga a hankali, yumɓun ya dare. Na wanke munduwar na duba. Zanen farcenta ya fito ɗaya bayan ɗaya, har inda hannunta ya goce.

Na miƙa masa, bai karɓa ba tukuna. Durƙusawa ya yi yana tsince fasassun yumɓun yana zubawa a hankicin nan.