Masta Tahidu Yana Neman Mai Yi Masa Musu

Duk wanda ya yi ƙaramar sakandare a unguwarmu ta Tishigu ya fi sanin ƙeyar Masta Tahidu a kan fuskarsa. Malamin kimiyya ne. Yana shigowa aji sai ya juya mana baya, ya kama rubutu a allo daga wannan kusurwa zuwa waccan, mu kwafa, mu haddace, ranar jarrabawa mu amayar masa da abinsa yadda ya ba mu. Ba ya juyowa sai wani ya yi motsi, in kuwa ya juyo to da bulala ne. Ni dai juyowar na fi samu a kan kimiyyar, shi ya sa yau nake tuƙa yelo-yelo, keken nan mai ƙafa uku, ba jirgin sama ba.

Amma kada a ce mugu ne. Ɗan manomin doya ne daga wani ƙauye a hanyar Yendi, kawunsa ya kawo shi Tamale ya sa shi makaranta, ya ƙare kwalejin malamai, tun daga nan alli bai bar yatsunsa ba. Ranar Asabar yana gonar masararsa. Suna ko jana'iza, shi ne farkon zuwa da kujerarsa a bayan babur. Yaron da ba shi da takalmi, Masta zai zane shi saboda zuwa latti, gobe kuma ya kawo masa silifas a leda yana harararsa. Masta Badagombe ne, kuma a wurinsu in yaro zai gai da babba sai ya rusuna, duk abin da babban ya faɗa ya amsa da "Naa". Mu ma da ba Dagomba ba mun ɗauka. In Masta ya ce rana daga Kumasi take fitowa, "Naa" za ka ce, ka tashi ka karkaɗe gwiwa.

Yana dab da furfura sosai aka fara ba yaran da suka zo bayansa shugabancin makaranta saboda suna da digiri, shi babu. Ya nemi hutun karatu, aka ba shi. Ranar da zai fara jami'a, matarsa Mma Azeta ta dafa shinkafa da wake, liman ya yi addu'a, unguwa ta raka shi har bakin titi kamar mai tafiya Makka, alhali da Magariba zai dawo gida.

Shekarar farko ya cinye kowane darasi da hadda, sai guda ɗaya, na Dokta Zuhuratu. Nan ya faɗi. Ƙa'ida kuma in ya sake faɗuwa a wannan darasin sai a sallame shi, ya koma Tishigu hannu Rabbana, ya wuce ta gaban mutanen nan da suka raka shi.

Abin da ya rikita shi, Dokta ba ta koyarwa. Haka ya faɗa mini da bakinsa wata rana da babur ɗinsa ya ƙi tashi na kai shi.

"Mudasiru, matar nan ba ta rubuta komai a allo. Tambaya take yi. Ni na zo in sani, ita kuma tana tambayata. To wa ke koyar da wa?"

"Naa, Masta," na ce.

Sauran labarin daga Sheriff na ji, abokina da muke shan shayin ataya tare a unguwar Sakasaka, wanda Allah ya haɗa aji ɗaya da Masta a zagaye na biyu. Ya ce ajin ba benci a jere, tebura ne, kowane da mutum huɗu ko biyar suna fuskantar juna. Kowa da katuna masu launi. Dokta ta jefo tambaya, kowa ya ɗaga launin amsarsa. Sai ta ce a juya a yi gardama da na kusa, kowa ya kare ra'ayinsa, sannan a sake ɗagawa. Wai a wajen gardamar ne ilimin ke shiga. Ni da na san haka ne da yanzu farfesa ne, don ba abin da muke yi a wurin ataya sai gardama.

Dokta ta bar kowa ya zauna inda yake so. Da yaran Tishigu suka ga malaminsu yana neman kujera, suka ruga suka share masa ɗaya, suka kewaye shi. Sheriff, da wata Fusena, da wasu biyu, duk ya taɓa zane su.

Tambaya ta zo: bishiyar darbejiya da ta fara daga ɗan ƙwaro ta zama ƙatuwa, yawancin jikin nan nata daga ina ya fito? Ja, daga ƙasa. Kore, daga iska. Sheriff da Fusena da sauran suka ɗaga kore. Masta ya ɗaga ja, da ƙarfinsa.

"A yi gardama," in ji Dokta.

Duk tebura suka kaure da hayaniya. Teburin Masta shiru. Ya gyara tabarau ya ce, "Ƙasa ce. Ni manomi ne."

"Naa, Masta."

Aka sake ɗagawa, teburin duka ja. Amsar kuwa iska ce.

Haka aka yi ta yi mako bayan mako. Dokta ta rasa gane kan teburin nan. A ko'ina in aka yi gardama masu daidai ƙaruwa suke, a nan raguwa suke. Ta zo ta tsaya a kansu, ta ce wa Fusena, "Ke da kika ɗaga kore, me ya canza miki ra'ayi?" Fusena ta kalli ƙasa ta ce bayanin Masta ne ya gamsar da ita. Dokta ta ce wane bayani. Fusena ta ce ai bayani ne mai zurfi. Shi kuma Masta yana komawa gida da mamaki: kullum shi ke cin gardama a teburinsa, kullum kuma shi ke faɗuwa a ƙananan gwaje-gwaje. Ya fara zargin ko katin nasa ne ke da matsala.

Mma Azeta ce ta fara hango abin, ba don ta san darbejiya ba. Ta ce masa, "Yaron da ka zane zai ce maka ƙarya kake a gaban mutane? Ni da nake matarka sai na rufe ƙofa."

Washegari Masta ya tara teburinsa a gindin mangwaro kafin shiga aji. Ya ce, "Daga yau, duk abin da na faɗa, ku musa mini. Umarni ne."

"Naa, Masta."

"Wannan ma ku daina!"

Suka kalli juna. Sheriff ya ce shi a lokacin bai san ko ya amsa ko ya ƙi ba, sai ya yi tari.

Aka shiga. Tambayar ranar a kan ruwa ce: tukunya tana tafasa, aka ƙara mata wuta, zafin ruwan zai ƙaru ko zai tsaya inda yake? Masta ya ce zai tsaya. Wannan ya san shi, ya rubuta shi a allo shekara da shekaru, kuma daidai ne. Sheriff ya rusuna daga kan kujera ya ce, "A gafarce ni Masta, ba haka ba ne." Fusena ta ce ita ma, da izini, ba haka ba ne. Sauran suka ce ba haka ba ne, Allah ya ba Masta haƙuri. Masta ya ji daɗi, ga gardama ta samu. Ya ce lallai mutum ya riƙa saurarar na ƙasa da shi, ya ajiye katinsa na daidai ya ɗauki nasu. Teburin duka ya sake faɗuwa.

Ranar ni na ɗauko shi. Muka bar ƙofar jami'a muka kai kasuwar Aboabo. Can ya ce, "In na faɗa su yarda, mu faɗi. In na faɗa su ƙi, mu faɗi. Mudasiru, saura me?"

Na ce, "Saura ka yi shiru, Masta."

Ya ɗaga hannu kamar zai mangare ni, sai ya tuna ni ke riƙe da kan keken.

Ya gwada shirun ma. Teburin ya zauna yana kallon fuskarsa, in ya sosa gira su ɗaga ja, in ya yi hamma su ɗaga kore. Jarrabawa tana matsowa, Masta ya rame, ya daina zuwa gona, ciyawa ta kama masarar.

Mafita ta zo ne daga teburin baya. Wata yarinya ce Bashiratu, daga Moshi Zongo, bakinta kamar rediyo. A nan garin ana cewa 'yan ƙabilar Moshi jikokin Dagomba ne, don haka akwai wasa tsakaninsu irin na kaka da jika: ta zage ka a tsakiyar kasuwa, ba ka da ikon fushi. Ta wuce ta gefensa ranar da aka raba sakamakon wani gwaji, ta leƙa takardarsa ta ce, "Kai, tsoho mijina, wannan makin naka ne ko lambar takalminka?"

Teburin Tishigu ya daskare. Masta ya dube ta daga sama har ƙasa. Ya tambayi 'yar wace unguwa ce. Da ta faɗa, sai ya kwashi jakarsa da katunansa ya bi ta har teburinsu ya zauna, ko sallama bai yi wa su Sheriff ba.

Daga ranar ajin ya daina zama lafiya. Ya ce ƙasa, ta ce, "Kaka, in bishiya ƙasa take ci, ina ramin da ta ci? Ko a gonarku Dagomba kuna cike shi da dare?" Ya ce taki fa? Ta ce buhun taki nawa ya zuba wa kukar ƙauyensu. Ya buga tebur, ta buga tebur. Wani lokaci ita ce ba daidai ba, sai ya tsaya ya nemo dalili na gaske, don in ya ce "ni manomi ne" sai ta ce to ya koma gona. Dokta ta zo raba su sau da yawa, ta tsaya ta saurara, ta koma ba ta raba ba. Har yau ban tabbata ta san abin da ya faru ba. Sheriff ya ce ya ji tana faɗa wa wani malami wai canjin wurin zama yana taimaka wa manyan ɗalibai, ƙila saboda fanka.

Su ma yaran Tishigu, da aka ɗauke musu Masta sai makinsu ya tashi, suka riƙa jin kunyar hakan, suna ɓoye takardunsu in ya wuce.

Ranar jarrabawa mai tsaro ya yi masa kashedi, don an ji shi yana magana shi kaɗai: ya rubuta amsa, ya ce "ƙarya kake, tsoho" da siririyar murya, ya soke, ya sake. Ya fito bai san ko ya ci ko ya faɗi ba. Ya ce tambayoyin duk "me ya sa" ne, kuma shi yanzu komai aka tambaye shi sai ya ji amsa biyu suna kokawa a kansa.

Ya ci. Ba da yawa ba, amma ya ci, jami'a ba ta sallame shi ba. Mma Azeta ta yanka zabi, unguwa ta cika gidan. Ana cikin ci sai ga Bashiratu, ba wanda ya gayyace ta. Ta zauna a kujerar Masta, ta ja kwanonsa gabanta, ta ɗauki cinya ta ce wa liman a yi mata addu'a, ita ce ta ci jarrabawar, tsohon alƙalami kawai ya riƙe.

Liman ya dubi Masta, hannuwansa a sama, bai san wa zai yi wa ba.

Masta ya ce, "Yi mata, Malam. In ka ƙi, gardama za ta yi da kai, kuma abincin zai huce."