Sigari Mai Caji a Jakar Tsaraba: Daga Buwake Zuwa Tireshbil

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa, domin karatuna bai wuce firamare ba, kuma a ciki akwai abin da ba na so wani dattijo ya ji. Daga baya na ga shiruna ba zai amfane shi ba. Sunayen mutane kawai na sauya, sauran yadda ya faru na rubuta shi.

Ni mutumin Madawa ne, ina sayar da albasa a Buwake. Shekara ashirin da bakwai ina shan taba, har tari ya hana ni hawa bene, likita ya yi mini faɗa irin na uba. Sai na koma sigari mai caji, wanda ake zuba wa ruwa yana ba da tururi. Ban ce magani ba ne, ban ce ba shi da illa ba. Likitan ya ce shi ma ranar barinsa tana nan tafe. Abin da na sani, ya taɓa mutuwa a hannuna wata yamma, na sayi karan taba ɗaya a bakin hanya, karan nan ya mayar da ni taba har wata biyu. Tun daga ranar komai nawa biyu ne: na'ura biyu, wayar caji biyu, kwalbar ruwa biyu, sai lagwani guda biyar. Lagwani nake ce wa ɗan ƙarfen nan mai auduga da ke ƙonewa a sauya shi. Masu shago rezistans suke ce masa. Lokacin tafiyar nan ina da wata biyar cif ban sa kara a baki ba.

Alhamis: Buwake zuwa Ajame

Na fita gida ƙarfe huɗu da rabi na asuba, zan je Abijan in yi wa yayana Alhaji Mamman barka da dawowa daga Umra. A tasha na yi sallah. Tike jika bakwai na sefa, babbar motar da suke ce wa kar ta tashi biyar da minti arba'in.

Ga wautar da na yi. Na sha jin ana yanke jakar hannu a Ajame, sai na raba kayan ajiyata gida uku. Lagwanin na sa a aljihun 'yar ciki. Waya da kwalba ɗaya a jakar hannu. Sabuwar na'urar kuwa, tana cikin kwalinta tare da ɗaya kwalbar, na cusa ta can ƙasan jakar tsaraba, tsakanin doya da zuma, na ce ba ɓarawon da zai tona doya.

Da za a sa jakar a ƙasan mota na tambayi direba ko wurin yana zafi, don an ce baturi ba ya son zafi. Ya dube ni ya ce da Julanci, "Tsoho, doya ce a ciki ko jariri?" Masu lodi suka yi dariya. Na shiga mota.

Mun isa Yamusukuro bakwai da minti ashirin, tafiyar wajen kilomita ɗari. Na sha shayi da burodi, na leƙa jakar, tana nan. Bayan ƙofar biyan kuɗin hanya ta Singorobo jandarmomi suka hau suka duba takardu, ba su riƙe kowa ba. Sha biyu saura kwata muka shiga tashar Ajame, inda ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ihun masu gbaka, ƙananan motocin haya na cikin gari.

Gidan Alhaji Mamman yana bayan mahaɗar Indeniye, tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa. Tun daga ƙofa matarsa Hajiya Zali ta tare ni. Akwai wasa tsakaninmu.

"Sarkin Fargaba ya iso! Motar ba ta kama da wuta ba?"

"Allah ya tsare, Hajiya."

"Kawo jakar, kada ka tsaya ƙirga doyar."

Kun san al'adarmu. Baƙo ba ya buɗe jakar tsaraba da hannunsa. Miƙawa yake, uwargida ta raba yadda ta ga ya dace. Na miƙa, hankalina na kan gaisuwa. Aka kawo aceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi, na ci, na sha zamzam, barci ya kwashe ni. Sai bayan la'asar kwalin ya faɗo mini a rai. Kafin in buɗe baki Hajiya ta riga ni.

"Kai, Malam Sani, ashe kana da tunani. Da na ga kwalin nan na ce wa Alhaji, wannan na Baba Idi ne, wa ke shan taba a cikinmu in ba shi ba? Har an kai masa Tireshbil tare da zuma."

Baba Idi shi ne ya sauke mu ni da Alhaji ranar da muka fara shigowa ƙasar nan, ba mu da ko tabarma. A ɗakinsa muka kwana wata takwas. Yanzu ya haura saba'in da biyar. Na ce, "Madalla." Abin da ya iya fita daga bakina ke nan. Na lallashi kaina cewa ai ta hannuna tana aiki.

Juma'a: Ajame

Ƙarfe sha biyu da rabi muka je masallacin unguwa. Na sunkuya wanke ƙafa, sai na ji ƙwas! Na'urar ta zame daga aljihun gaba, ta bugi siminti, ta gangara cikin kwatar alwala. Gilashin ya fashe, ruwa ya shige ta. Na goge, na busa, na danna. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Allah ya yafe mini, huɗubar ranar ban san a kan me aka yi ta ba.

A hanyar gida na gaya wa Alhaji gaskiyar kwalin. Ya tsaya cak a tsakiyar titi.

"Sani, so kake a je wa Baba a ce ya dawo da kyauta? Da bakin wa? Ba dai nawa ba."

"Yaya, ai kuskure ne."

"Kuskuren da aka yi masa addu'a? Jiya ya kira ni yana ta sa maka albarka. Ka ci goro."

Daga ƙarfe biyu zuwa biyar na zaga wajen masu sayar da waya, da lagwani ɗaya a tafin hannuna, ina neman na'urar da za ta ɗauke shi. Kowa ya juya shi ya girgiza kai. Wani mai tebur ya sayar mini da irin wadda ake sha a yar, ɗanɗanonta kamar alewa. Kafin magariba wutarta ta ƙyafta sau uku ta mutu. Na ci goro uku, na tauna asuwaki har ya zama tsumma. Ajame kuwa duk taku goma akwai mai sayar da kara ɗai-ɗai.

Asabar: Tireshbil

Na yanke shawara zan je da kaina, in gaishe da Baba, in roƙe shi aron abin zuwa in koma gida. Na shirya maganar, na maimaita ta ya fi sau ashirin.

Takwas da rabi na hau tasi daga Indeniye zuwa Filato. Direban ya ce gada ta cushe, gara in bi ta ruwa. Ni da ruwa ba ma shiri, amma na biya dala arba'in, wato sefa ɗari biyu, na shiga jirgin. Na zauna tsakiya ina salati. Wata mata mai kwandon ayaba ta dube ni, ta yi mini sannu irin tasu, ta ce, "Yako, papa, ba nisa." Ta ɗauka ruwan ne kaɗai ke damuna. Ba mu yi minti goma ba muka sauka tashar ruwa ta Tireshbil. Daga nan na taka zuwa wajen babban masallaci, gidan Baba na layi na uku a bayansa.

Na same shi a kan kujerarsa ta roba a ƙofar ɗaki, ya rame fiye da yadda na bar shi. Na durƙusa. Kafin in gama gaisuwa ya sa hannu a aljihu ya fito da ita, na'urata, fes, cike da ruwa.

"Sani, zo nan kusa. Mutum nawa na saukar a garin nan? Masu kawo shadda sun kawo, masu kawo turare sun kawo. Ba wanda ya tuna da ƙirjina sai kai." Ya yi tari mai tsawo. "Mariyama ta karanta takardar ta nuna mini. Tun asubar jiya ban kunna kara ba. Ni! Har mai teburin da nake sayen taba a wurinsa ya aiko a ji ko na mutu."

Ya ja, ya busa tururin sama, yana murmushi da sauran haƙoransa. Maganar da na shirya ta narke a bakina. Sai na ga hannuna ya shiga aljihun 'yar ciki ya fito da lagwanin nan biyar.

"Baba, na manta ban haɗo da waɗannan ba. In ka ji ɗanɗanon ƙuna, a sauya."

"Ka gani? Har da guzuri." Ya laluba ƙarƙashin kujera ya ɗauko kwalin taba. "To, ka cika ladanka. Tafi da wannan, ka fitar mini da shi daga gida. Ban yarda da kaina ba. Kai ka riga ka tsallake."

Na karɓa. Kara goma sha ɗaya ne a ciki, ido ya gani tun kafin in rufe.

Mariyama 'yar Baba ce, malamar makaranta, haihuwar Abijan, Hausarta rabi Faransanci. Ita ta rako ni ƙofa. Ta rage murya.

"Tonton, kwalin na'urar nan an buɗe shi déjà, har da caji a ciki. Naka ne, ko?"

"Na Baba ne."

Ta dubi kwalin tabar da ke hannuna. "Bon. Akwai butik bayan kasuwa, kusa da masu atamfa, ba sa sayar da komai sai wannan. Ka je yanzu. Kawo tabar in riƙe."

Da na ba ta, da labarin ya ƙare nan. Amma na ce Baba ni ya ɗora wa, amana ce. Haka na faɗa mata, kuma har yau ban san ko amanar ce ta hana ni ko kwaɗayi ba.

Na isa shagon sha biyu da minti goma. A rufe. An manna takarda, wani ya karanta mini: sai ƙarfe uku. Na koma masallaci na yi azahar. Na zauna. Na tashi. Na shiga tunanin yadda zan yi da tabar: in zubar, ko almubazzaranci ne, in ba wani, na cuce shi. Ina cikin wannan shari'a da kaina sai na ga ina tsaye gaban mai shayi, kara a bakina, ina roƙon ashana.

Ba zan ɓoye ba. Na kunna, na ja sau huɗu. Kaina ya juya, ƙirjina ya amsa kamar ya ga ɗan'uwa. A ja na biyar na tuna muryar Baba yana cewa na riga na tsallake. Na taka karan. Na roƙi mai shayi buta, na buɗe kwalin na tsiyaya ruwa a kan sauran goman har suka zama kunu, na jefa a kwandon shara.

Mai shayin, wani Bagobiri, ya ce, "Malam, da ka ba ni ai da na sayar."

Na ce, "Shi ya sa."

Uku da kwata mai shago ya buɗe. Ya juya lagwanin da ya mutu a tsohuwar na'urata ya ce irin wannan an daina kawo musu, bai san mai shi ba a Abijan. Na sayi wata iri dabam, da lagwaninta uku. Ya ce ɗaya ta isa. Na ce ya ba ni biyu. A bakin shagon na cika ta, na jira minti goma da ya ce a jira, kowane minti kamar yini.

Lahadi: komawa

Kar ta tashi daga Ajame ƙarfe bakwai. Hajiya Zali ta cika mini jaka da aceke da sabulu, tana cewa, "Duba da kyau, Sarkin Fargaba, ko na sa maka firjina a ciki bisa kuskure." Ashe Alhaji ya gaya mata. Wannan karon komai na jikina. Ƙarfe ɗaya saura muka shiga Buwake lafiya.

Kafin in cire takalmi na gaya wa maiɗakina ja huɗun nan. Ta ce, "Sauran goman fa?" Na faɗa mata. Ta ce, "To, shiga ka ci abinci." Yau kwana ashirin da uku, ban ƙara ba. Na gode wa Allah, na gode wa Alhaji da Hajiya, da Mariyama da ta rufa mini asiri, da mai shayin da ya ara mini buta.

Abin da ya sa na rubuta shi ne wannan. Ni lagwani ɗaya yakan yi mini sati biyu, amma Baba hannunsa ba ya sauka daga baki, nasa ba ya kai kwana goma. Shekaranjiya Mariyama ta kira ta ce saura uku. Ta gwada ba shi wata na'ura irin tawa sabuwa, ya ƙi ko taɓawa; ya ce shi wadda Sani ya kawo masa ita ce ta karɓe shi. Mai tebur kuwa yana nan taku goma daga kujerarsa.

Don Allah, 'yan'uwa na Abijan, na Kumasi, na Yamai, duk wanda ya san inda ake samun irinsa ya sanar da ni ta hannun masu wannan shafi. Gajere ne, bai kai gaɓar ɗan yatsa ba, da jan zoben roba biyu a gindinsa, kuma turawa ake yi ya shiga, ba murɗawa ba. Ko guda biyu ne ina so, zan zo har inda yake. Ku dubi kwanakin da suka rage masa, ku hanzarta.